Tsakanin kwaɗo da ƙararrawa: Wa zai tashi ɗaliban Zamfara idan gobara ta kama da dare?

A daren Talata 4 ga Fabrairun 2025, gobara ta tashi a wata makarantar allo da ke garin Ƙaura Namoda a Jihar Zamfara. Kafin gari ya waye almajirai 17 sun riga mu gidan gaskiya, wasu da dama kuma suna kwance a asibiti da ƙuna. Binciken farko na 'yan sanda ya nuna cewa wutar ta samo asali ne daga tarin kara da aka jibge a kusa da inda yaran ke kwana. Shugaban ƙasa ya yi ta'aziyya, gwamnatin jihar ta yi, aka yi jana'iza, aka koma harkokin yau da kullum.

Tambayar da ba a tsaya an amsa ba ita ce: mene ne ya kamata ya tashi waɗannan yara daga barci tun wutar tana ƙarama, kuma ta wace ƙofa ya kamata su fita? Wannan tambaya ba ta tsaya ga makarantun allo ba. Ta shafi kowane ɗakin kwanan ɗalibai a jihar, daga makarantun sakandare na kwana zuwa Jami'ar Tarayya ta Gusau, Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta mata da ke Gusau, Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe, da kuma gidajen haya da 'yan kasuwa da ma'aikata suka gina suna zuba ɗalibai a ciki. Magidancin da ya ɗauko 'yarsa daga Bilbis ko Bungudu ya kai ta karatu Gusau, amana ya bari a hannun waɗansu, kuma yana da haƙƙin sanin yadda ake riƙon ta da dare.

Dalilin da ya sa muka kulle ƙofofi

Duk wanda zai yi maganar gobara a ɗakunan kwanan ɗaliban Zamfara, tilas ya fara da maganar 'yan bindiga, domin su ne suka sauya fasalin gine-ginen. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar sakandaren gwamnati ta Jangebe a Ƙaramar Hukumar Talata Mafara. A watan Agustan shekarar aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a farkon Satumba kuma aka sace ɗalibai fiye da 70 a makarantar Kaya da ke Maradun. A ranar 22 ga Satumban 2023 maharan suka fasa gidajen haya a Sabon Gida, Ƙaramar Hukumar Bungudu, suka tafi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau fiye da 20, akasarinsu mata.

Bayan irin wannan tashin hankali, babu mai zargin shugaban makaranta ko mai gidan haya idan ya ƙara tsawon katanga, ya gitta ƙarafa a kowace taga, ya toshe ƙofar baya da bulo, ya bar ƙofa ɗaya ta ƙarfe da ake garƙama wa kwaɗo bayan sallar isha'i. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai ginin da aka tsara don kada kowa ya shigo, shi ne kuma ginin da ba a iya fita daga cikinsa da sauri. Idan wuta ta tashi a kusa da wannan ƙofa ɗaya, ko kuma mai riƙe da makulli yana barci a wani gini dabam, duk abin da aka yi domin kariya ya koma tarko.

An ga haka a wasu wurare. A watan Mayun 2023, gobara ta kama ɗakin kwanan ɗalibai mata a garin Mahdia na ƙasar Guyana da ke Kudancin Amurka. An kulle ƙofofin ginin da dare don hana 'yan matan fita yawo, tagogi kuma duk da ƙarafa. Yara 20 suka mutu. A Kenya, ɗalibai 67 ne suka ƙone a makarantar Kyanguli a 2001, a ɗakin kwanan da ɗaya daga cikin ƙofofinsa ke kulle, tagoginsa kuma ke da ƙarafa. A nan gida, a ƙarshen Nuwamban 2015, ɗalibai bakwai suka rasu a gobarar ɗakin kwanan makarantar 'yan mata ta Jogana a Jihar Kano. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mintunan farko

Akasarin mutane suna ɗauka cewa harshen wuta ne ke kashe mutane a gobara. Masana aikin kashe gobara sun daɗe da tabbatar da cewa hayaƙi ne ya fi kisa. Katifar soso, labule, bokitin roba da jakunkunan leda, waɗanda su ne kayan ɗakin kowane ɗalibi a yau, suna ci da sauri kuma suna fitar da hayaƙi mai guba. A cikin 'yan mintuna ɗaki kan cika da baƙin hayaƙin da mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Warin hayaƙi kuma ba abin dogaro ba ne wajen tada mai barci, gubar da ke cikinsa ma ƙara nauyin barcin take yi har numfashi ya tsaya.

Wannan ne ya sa jiran 'yan kwana-kwana ba zai taɓa zama tsarin ceton rai a ɗakin kwana ba. Tsakanin Gusau da Tsafe akwai tafiyar kimanin kilomita 50, a kan hanyar da direbobi ke shakkar bi da dare. Ko a cikin Gusau ma, kafin a buga waya, a tada mota, a ratsa lunguna, wanda zai tsira ya riga ya tsira, wanda zai halaka ya halaka. Motar kashe gobara tana ceton gini da maƙwabta. Ran yaron da ke barci kuwa ya rataya ne a kan abu biyu: abin da zai tashe shi da wuri, da ƙofar da za ta buɗe masa.

Abu na farko shi ne na'urar gano hayaƙi, wata 'yar ƙaramar aba mai kama da faifai da ake maƙalawa a silin, wadda ke tsala ƙara da zarar hayaƙi ya shige ta. Akwai mai aiki da batir zalla, saboda haka ɗaukewar wutar lantarki ba hujja ba ce ta rashin saka ta. Kuɗinta bai kai na ƙofar ƙarfe guda ba. Ana gwada ta sau ɗaya a wata ta hanyar danna maɓallin da ke jikinta, ana sauya ta bayan shekara goma. Ƙididdigar da aka daɗe ana tattarawa a Amurka ta nuna cewa gidan da ke da irin wannan na'ura mai aiki, haɗarin mutuwa a gobararsa kan ragu da kusan rabi.

Ƙararrawar da aka daina yarda da ita

Saka na'ura dai rabin aiki ne. Ragowar rabin shi ne ɗalibai su yarda da ita idan ta yi kuka, kuma a nan ne ƙasashen da suka riga mu suka yi tuntuɓe.

Da asubahin 19 ga Janairun 2000, ƙararrawar gobara ta kaɗa a wani ɗakin kwanan sababbin ɗalibai na Jami'ar Seton Hall da ke jihar New Jersey a Amurka. Ɗalibai da yawa suka gyara kwanciya, domin a watannin da suka gabata ƙararrawar ta kaɗa har sau 18 babu wuta, mafi yawa saboda wasan banza. A wannan karon wutar gaske ce, wadda wasu ɗalibai biyu suka cinna wa wata takardar talla da sunan wasa. Ɗalibai uku suka mutu, fiye da 50 suka jikkata. Daga baya kotu ta ɗaure waɗanda suka cinna wutar, jihar kuma ta yi dokar tilasta saka bututun yayyafa ruwa a dukkan ɗakunan kwanan ɗalibai. Haka ma a Nuwamban 2019, lokacin da wani benen ɗalibai ya kama da wuta a garin Bolton na Ingila, wasu daga cikin mazaunansa sun ce ba su motsa da farko ba saboda sun saba jin ƙararrawar tana kaɗawa babu dalili.

Darasin a fili yake. Kowane kukan ƙarya yana rage darajar kukan gaskiya. A wurinmu kuwa abubuwan da za su sa na'ura kukan ƙarya sun fi na can yawa. Ƙurar hunturu tana shiga cikinta ta ruɗe ta. Turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, tururin ruwan zafi, hayaƙin risho da na gawayi, duk suna iya tada ta. Idan aka sayo na'urori aka maƙala ba tare da tunani ba, cikin mako biyu wani ɗalibi zai hau kujera ya zare batir, ko ya ɗaure ta da leda, shi ke nan an koma gidan jiya, ga kuma shugabanni suna zaton akwai kariya.

Maganin wannan sananne ne. Ba a saka na'urar hayaƙi a wurin girki ko bakin banɗaki. A madafa akan saka mai gano zafi ce, wadda tururi ko hayaƙin suya ba ya motsa ta. A lokacin hunturu a riƙa share ƙurar da ta taru a jikinta. A kuma ware wa ɗalibai wurin girki a wajen ɗakunan kwana, domin dokar hana girki ba tare da samar da madadi ba, ba ta hana komai sai dai ta tura risho da hita ƙarƙashin gado.

Wa za a hukunta, wa za a gode wa?

Idan ƙararrawa ta kaɗa babu wuta, abin da hukumar makaranta ta yi washegari shi zai nuna ko za a amsa ta a karo na gaba. Akwai nau'i uku na kukan ƙarya, kuma kuskure ne a haɗa su a hukunci ɗaya.

Na farko shi ne laifin na'ura ko na inda aka saka ta. Wannan aikin mai gini ne, a rubuta shi a littafi, a gyara cikin kwana ɗaya ko biyu. Na biyu shi ne ɗalibin da ya ji ƙauri ko ya hango hayaƙi, ya yi kururuwa da zuciya ɗaya, daga baya aka ga shara ce ake ƙonawa a bayan katanga. Wannan godiya ya cancanta a gaban 'yan'uwansa. Makarantar da ta zane irin wannan yaro, ko ta ci shi tara, ta koya wa sauran cewa in sun ga hayaƙi su yi shiru su jira tabbaci, alhali jiran tabbacin shi ne ke cinye mintunan da ake tsira a cikinsu. Na uku shi ne wanda ya tada hankalin jama'a da gangan don wasa, ko don a watsa jarrabawa. Shi ne ya kamata ya fuskanci hukunci bayyananne da aka rubuta tun farko kuma kowa ya sani: gargaɗi a rubuce da kiran iyaye, in ya sake a fitar da shi daga ɗakin kwana. Wanda ya zare batir ko ya rufe na'ura, laifinsa bai gaza wannan ba.

Abin da ya kamata a guje masa shi ne tarar gama-gari, inda ake cin ɗaki ko bene gaba ɗaya kuɗi saboda ba a gano mai laifi ba. Irin wannan doka tana haɗa kan ɗalibai ne wajen kashe na'urar don su huta. Haka kuma ko sau nawa aka yi kukan ƙarya, ƙa'idar fita ba ta canzawa: kowa ya fito, a ƙirga kai, sannan a bincika.

Addini ma bai bar wannan fage ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, sai Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da a riƙa kashe wuta kafin a kwanta barci. Ya kuma zo a Sunan Abi Dawud cewa ya hana a tsorata Musulmi, a wani lamari da asalinsa wasa ne tsakanin sahabbai. Malamin tsangaya da limamin masallacin makaranta suna da abin faɗa wa ɗalibai a kan kyandir da kuma a kan wasan ihu.

Matsalar da ta keɓanta da mu

Akwai wani abu da littattafan Turawa ba su tanada ba. A Ingila, idan ƙararrawa ta kaɗa da ƙarfe biyun dare, ma'anarta ɗaya ce. A Tsafe ko Bungudu, ɗalibar da ta farka ta ji ihu da guje-guje, abin da zai fara zuwa mata a rai 'yan bindiga ne. Abin da ake yi kuma a hali biyun kishiyoyin juna ne: in wuta ce, a fita fili da sauri, in hari ne, tsarin makaranta na iya cewa a kulle a yi shiru, ko a bi wata hanya ta daban. Idan sauti ɗaya ne ke sanar da duka biyun, wasu za su ruga waje, wasu su danne ƙofa daga ciki, a haɗu a yi turmutsutsu a bakin ƙofa. Akwai ma fargabar cewa mahara za su iya amfani da kukan gobara su fito da ɗalibai fili.

Saboda haka kowace makaranta tana bukatar sauti biyu da ba sa kama da juna, misali jiniya ko ƙarfen makaranta don gobara, usur don hari, kuma kowane ɗalibi ya san bambancinsu tun makon farko. Wurin taruwa bayan an fito ya kasance cikin katanga, nesa da gini, inda masu gadi ke iya gani. Wannan ba ya samuwa sai da atisaye, aƙalla sau ɗaya a kowane zango, ɗaya daga ciki kuma da dare, domin da dare ake mutuwa. A sanar da ɗalibai da maƙwabta da jami'an tsaro makon da za a yi shi, don kada atisayen kansa ya jawo firgici a garin da kowa ke kwana da ido ɗaya.

Game da ƙofa kuwa, ba dole ba ne a zaɓi tsakanin tsaro da tsira. Ƙofar ƙarfe mai sakata daga ciki tana hana na waje shiga, tana kuma barin na ciki ya fita ba tare da neman makulli cikin duhu ba. Kowane dogon ɗaki ya samu ƙofa biyu a ɓangarori mabambanta, masu buɗewa zuwa waje. A kowane ɗaki a samu taga aƙalla ɗaya da ƙarfenta ke buɗewa daga ciki. Duk maƙerin walda a Gusau zai iya wannan aiki. Inda kuma ya zama dole a yi amfani da kwaɗo, to mai makulli ya kwana a cikin ginin, makullin kuma a rataye a wuri ɗaya da manyan ɗalibai suka sani.

Nauyin a wuyan wa yake?

Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin samar da kuɗin tsaron makarantu na 2023 zuwa 2026, wanda aka ƙiyasta zai ci Naira biliyan 144.8. Hankalin shirin ya fi karkata ga hare-hare, kuma da dalili. Amma duk kwangilar katanga da ƙofar ƙarfe da za a bayar, ya kamata a haɗa ta da sharaɗin hanyar fita da na'urar hayaƙi, in ba haka ba an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Najeriya tana da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, sai dai aiwatar da shi ya rataya ne a kan jihohi. Majalisar Dokokin Zamfara tana da ikon yin doka cewa babu ginin da zai kwanar da ɗalibai, na gwamnati ne ko na haya, sai jami'an kashe gobara sun duba shi kowace shekara sun ba da takarda. Jami'a da kwalejoji kuma za su iya buga jerin gidajen hayar da suka cika sharaɗi, iyaye su san inda za su kai 'ya'yansu.

Jamhuriyar Nijar ta nuna cewa gwamnati tana iya ɗaukar mataki idan ta so. Bayan yara 20 sun ƙone a azuzuwan zana a Yamai a Afrilun 2021, sannan aƙalla 25 a Maraɗi a ranar 8 ga Nuwamban shekarar, hukumomi sun haramta saka ƙananan yara 'yan share fage a irin waɗannan azuzuwa. Matakin ya zo a makare ga waɗanda suka rasu, amma an taɓa tushen matsalar.

Makarantun allo suna bukatar kulawa ta daban, domin yawancinsu ba su da silin da za a maƙala na'ura, ba su kuma da kasafi. Abin da ya dace da su mai sauƙi ne: a nisanta tarin kara da itace daga makwanci, a kashe wutar karatu da ta jin ɗumi kafin barci, a ajiye bokitan yashi da ruwa, a rage cunkoso a zaure mai ƙofa ɗaya, a kuma sa babban almajiri ko gardi ya riƙa kwana a bakin ƙofa. Masu unguwanni da attajiran da ke kai sadakar abinci za su iya haɗawa da wannan.

'Yan kasuwa kuwa sun fi kowa sanin ɗacin gobara. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a 2016, babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, ta Katsina a Maris na 2021. Wanda ya yi asarar shago yakan sake tara jari in Allah ya nufa. Mai gidan hayar da ɗaliba ta mutu a ɗakinsa saboda ya toshe ƙofar baya, babu abin da zai mayar wa iyayenta.

Ga iyaye kuma, ranar kai yaro makaranta akan duba katifa, a duba kwanon abinci, a tambayi kuɗin makaranta. Ya kamata a ƙara tambaya huɗu. Ƙofa nawa ne a ɗakin nan? Wa ke riƙe da makulli da dare, kuma a ina yake kwana? Me zai tashi yara idan hayaƙi ya tashi? Yaushe aka yi atisaye na ƙarshe? Shugaban makarantar da iyaye goma suka yi wa waɗannan tambayoyi a rana ɗaya, zai nemo amsa kafin zango ya ƙare. Lokacin sanyi shi ne lokacin da ake rufe tagogi, ake kunna gawayi da hita a ɗaki, iska kuma ta bushe komai, saboda haka gyaran ƙofa da sayen batir aiki ne na yanzu. Allah Ya jiƙan yaran Ƙaura Namoda, Ya kare sauran.